Hannun Baba Ba Rawa Yake Yi Ba

Samaru, Zariya. Talata, 11 ga Maris, 2025, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, kwana goma sha biyar da rasuwar Baba.

Zuwa ga Baffa Sebastian a Akara,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina addu'a Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Mama ta fara cin abinci kaɗan kaɗan.

Baffa, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ka san shekara shida kai da Baba ba ku yi magana ba. Da ciwo ya tsananta, ya ce shi ba zai kira ka a waya ba, sai ta rediyon da kuka koya tare kuna samari. Mama ta aika wa matarka, Anti Elizabeth, rana da lokaci: Asabar, 15 ga Fabrairu, ƙarfe biyar saura kwata, lokacin da tauraron ɗan'adam mai isar da saƙon rediyo zai ratsa samanmu na minti goma sha ɗaya.

Kullum Baba da hannu yake riƙe eriyarsa a tsakar gidanmu na Dogarawa, yana murza ta. Ni, da sabon digirina, na ɗauka ciwo ne ke sa hannunsa rawa. Na je shagunan PZ na sayo ƙarfe da noti, na kafe eriyar a tsaye, ina nuna ta sama amma ba ta murzuwa. Ya dube ta, ya ce aikin ya yi kyau, bai ƙara komai ba.

Ranar Asabar ɗin mun ji muryarka ta daƙiƙa huɗu, sai shuuu. Baba ya ci gaba da magana, sau uku yana cewa ka yafe masa.

Jiya a littafinsa na rediyo na ga ya rubuta cewa tauraron yana wulwulawa, saƙonsa wani lokaci a tsaye yake zuwa, wani lokaci a kwance, in eriya ba ta bi shi ba murya ta ɓace. Na karanta wannan a aji uku a jami'a, na ci jarrabawarsa. Ashe bin muryarka zai yi da hannunsa, ni na hana.

Ka gaishe mini da Anti Elizabeth da Jemimah da Brian. Mama tana gaishe ku.

Abin da ban sani ba har yanzu: ko ka ji muryar Baba. Me kake cewa a daƙiƙa huɗun nan. Ko Baba ya yi shiru ne kan eriyar don kada ya kunyata ni. Biyun farko kai kaɗai ne za ka iya faɗa mini, Baffa. Don Allah ka faɗi gaskiya.

'Yarka,
Tabitha Dominic