Haron da Ka Bari a Gareji

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta 'ya ga mahaifinta, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Wata goma sha ɗaya ke nan da muka rasa ka. Inna lafiya lau, tumatirinmu ya fara fure. Sai dai ƙara na kawo maka, kuma ƙarar ƙaninka ce, Baffa Sale.

An taɓa haronka, Baba.

Ka san yadda ka bar garejin. Tun da aka sayar da tarakta, garma da haro mai farfasa ƙasar gona suka rage mana, su muke bayarwa haya idan an sako ruwan rani, da kuɗin hayar Inna take ci da ƙannena. Bana kuwa ba mu kai ga ba kowa haron ba tukuna. Kai ka ɗora haron nan a kan gungume, ka shafe fayafayansa da baƙin mai, ka juya bakinsa yana kallon ƙofa.

Ranar Juma'a na zo daga Bunkure na buɗe. Yana nan a kan gungumensa, amma man ya goge, kuma ga karan shinkafa maƙale tsakanin fayafai. Mu yaushe rabonmu da noman shinkafa? A danginmu kaf, mutum ɗaya ne yake da ita a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai simintin daɓen garejin ne. Ko ƙarzane ɗaya babu. Haron da ƙarti shida ba sa ɗaga shi! Ɓarawo jan sa zai yi, ya farfashe ƙasa. Wanda ya fitar da shi ya san dabararka: a ɗaga da dogon ƙarfe, a zura fayif uku a ƙarƙashi, a gangara a hankali, na baya ya dawo gaba. Ina 'yar shekara goma nake zura maka fayif ɗin, kana cewa, "Hadiza, ido a kan yatsunki, ba a kaina ba." Mu biyu ka koya wa, ni da Baffa. Ni dai ban fitar ba.

Na tambayi Inna wa ya karɓi mukulli, ta hau tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Kunyar Baffa take ji, ka san ta.

Jiya sai ga shi da fara'a, wai rufin garejin na yoyo, gara ya kwashe kayan zuwa gidansa a Kura kada su yi tsatsa. Yoyo a tsakiyar rani, Baba? Rufin da na tsaya a ƙarƙashinsa bara ana sheƙa ruwa? Da aro ya nema, wallahi da hannuna zan zura masa fayif. Wannan ba aro ba ne. In haron nan ya ƙetare ƙofar, ba zai dawo ba.

Gobe da hantsi zai zo da tarakta. Na kwashe fayif ɗin uku, na zare ƙusoshin da ake maƙala haron da su, suna cikin jakata yanzu haka. Zai tarar da ni zaune a kan gungumen.

Kai ka raine shi, kuma ba ka taɓa bari mu ɗaga ido a gabansa ba. Gobe zan ɗaga. Abin yana ci mini rai, kuma ina kewarka ƙwarai. Ka yafe mini.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa zargina ya zama ƙarya, in ba Baffa haƙuri a gaban kowa.

'Yarka mai zura fayif,
Hadiza