Na Gane Rubutun Maƙwabcinmu a Fayil Ɗin Ginina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan yi da-na-sani.

Ni tela ce, 'ya'yana uku. Mahaifiyata tana wurina tun da ta faɗi ta karye a ƙugu. Ɗakunan kwananmu duk a sama suke, sai mun tallafe ta ni da maigidana muke hawa da ita, tana cije leɓe don kada mu ji nishinta. Shi ya sa muka nemi izinin ƙaramar hukuma mu gina mata ɗaki ɗaya da banɗaki a tsakar gida. Mun kai zane, mun cike takardu, jami'i ya zo ya auna. Yau wata bakwai. Kullum amsar ɗaya: kwamiti bai zauna ba. Amma mai sayar da tayoyi na bakin titi, da ya nema bayanmu, har ya yi rufi.

Makon jiya akawun ofishin ya buɗe fayil ɗinmu a gabana, sai na hango takardar ƙorafi a ciki. Ya yi saurin rufewa, amma na ga rubutun. Anti, rubutun maƙwabcinmu ne, tsohon malamin makaranta. Shekara shida yana rubutu a katin sakamakon 'ya'yana, ko a mafarki na san hannunsa. Mutumin nan kullum da safe sai ya tambaye ni jikin Mama, har ya ƙara da tambayar ina aka kwana batun gini. Kuma mijin 'yarsa kansila ne. Yanzu ko tari ya yi ta bayan katanga sai in ji kamar da ni yake. Maigidana ya ce in bar wa Allah. Ni kuwa na san rumfar da ya kafa wa motarsa ba ta da izini, kuma zuciyata tana ce mini in kai ƙararsa. In kai?

Mai ɗinki da zuciya biyu

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alherin ɗawainiyarta.

Kada ki kai. Rushe rumfarsa ba zai ɗora miki bulo ko ɗaya ba.

Kin ga rubutu, ba ki karanta abin da ya ce ba. Ko da nasa ne, maƙwabci yana da damar faɗin damuwarsa, kuma ƙorafi ba hukunci ba ne. Abin da masu yanke shawara suka saba dubawa shi ne ko ginin zai toshe hanyar ruwa, ko ya tare wa wani iska da haske, ko taga ta leƙa gidan mutane. Mai yiwuwa malam tsoron ruwan banɗakinku yake a gindin katangarsa, kunya ta hana shi faɗa. Bai kyauta ba da ya yi shiru, amma wannan ba ƙiyayya ba ce.

Shi ma jinkirin wata bakwai abin tambaya ne, ban ce ki yarda da shi ba. Daina zuwa da baki. Rubuta wa shugaban sashen ba da izinin gini, ki nemi dalilin jinkiri, da ranar zaman kwamiti, da abin da ƙorafin ya ƙunsa. Ki haɗa da takardar likita, ki riƙe kwafi mai hatimi. Ki ambaci dangantakar kansilan da malam cikin ladabi, ki roƙi ya janye daga zaman idan yana ciki. In sun ƙi ba da izini, su ba ki dalili a rubuce, ki tambayi hanyar ɗaukaka ƙara.

Sannan ki ɗauki zanen, ku shiga gidan malam ke da maigidanki, ku shimfiɗa masa, ku tambaye shi ko akwai abin da zai cutar da shi. Wataƙila matsar da bututu ɗaya ya kashe maganar. In kuma da wata manufa, za ki gani a fuskarsa.

Kafin nan, ku sauko wa Mama da gadonta falo yau ɗin nan. Baƙi sa zauna a tsakar gida. Allah ya sa ta taka sabon ɗakinta da ƙafarta.