Kwalba Biyu na Ƙudaje

Daren Talata, Fadaman Mada

Gidan shiru. Sati biyu ke nan Zainabu tana Tirwun wurin mahaifiyarta, ana sake haɗa mata maganin haihuwa.

Yau Malama Rabi ta jami'a ta dawo ɗakin hotonmu na asibiti. Ita ce ta kawo ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, na haska mazan da injin hoton ƙashi. Ta nuna mini kwalba biyu. Ɗaya tsutsa fal, ɗaya kuwa ƙwai ne zube, 'yan kaɗan suka ƙyanƙyashe.

Na ce, "Matan ne ba su da lafiya?"

Ta yi dariya. "Haba Malam Sani, matan ko kusa da injinka ba su zo ba. Mazan ne. Suna tashi, suna barbara lafiya lau, ba ka ganin komai a jikinsu. Irinsu ne ya lalace."

Hasken da aka ba su ya fi na aikinmu nesa ba kusa ba, na sani. Amma sau nawa na tsaya riƙe da tsoho ko jariri a gaban injin, rigar kariya tana rataye saboda zafi?

Shekara bakwai Zainabu tana shan ɗaci, tana shanye maganar dangina. Ban taɓa kai kaina gwaji ba, alhali ɗakin gwajin ƙofa uku ne daga nawa.

Ɗazu ta kira, wai in yi haƙuri ta daɗe. Ita ke ba ni haƙuri.