Kambas Ɗinka Muka Tarar a Masallaci, Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan wasiƙa ta riske ka a wuri mai ɗumi. Na san ba ka karanta saƙon waya. Na sa ta a wannan zauren sada zumunta ne don mutanenmu na unguwar Bronx su gani, ko wani ya yi kiciɓis da kai. Tun ranar Juma'a ba mu sa ka a ido ba.

Rabin rayuwarka ka yi shi kana sayar da kambas a tebur a bakin titin Fordham Road, kuma ba ka sallamar mai saye sai ka ɗura masa tarihi, yana so ko ba ya so. Wai da farko takalmin 'yan wasa ne da ma'aikatan jirgin ruwa, don robar ƙasansa ba ta santsi. Sojoji suka ɗauka suna atisaye da shi. Daga baya samarin ƙasar nan suka haɗa shi da wandon kaki da farar shat, ya koma kayan gayu. Sai ka ɗaga yatsa ka ce, "Mu kuwa a Kano da alli muke goge namu, in ya yi dauɗa hedimasta ya zane ka." Mutum ya yi dariya ya saya, alhali rabin Turancinka bai gane ba.

Naka fari ne kullum, da kaftani kake sa shi, ka take dunduniyar kamar silifas. Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi mita har ta gaji. Kai dai amsarka ɗaya ce: mai cire takalmi sau biyar a rana ina ruwansa da ɗaurin igiya?

Da mantuwa ta fara kama ka, ka bar rigar sanyi a bas, ka yar da waya, har da sunan Inna ka riƙa kirana. Kambas ɗin nan kaɗai ne ba ka taɓa fita babu shi ba. Shi ya sa Yaya Sani ya kawo 'yar na'ura kamar maɓalli, mai nuna inda mutum yake a waya, ni kuma na ɗinke ta a cikin takalmin. Har tafawa muka yi, wai mun yi dabara.

Ranar Juma'a Yaya ya ajiye ka a masallaci ya koma aiki, da tunanin maƙwabcinmu Malam Isufu zai rako ka gida kamar kullum. Shi kuma da bai gan ka ba, ya ɗauka Yaya ne ya tafi da kai. Na duba waya, kana masallaci. Bayan La'asar na sake dubawa, kana nan. Na ce Baba lazimi yake yi, na ci gaba da girkina. Sai da Magariba ta wuce na tafi da kaina. Baba, na tsaya a bakin ƙofa na duba. Katakon ajiye takalma wayam, sai naka su kaɗai, a jere kamar yadda kake ajiyewa.

Mu da aka haifa a gidan salla, yaya aka yi muka manta cewa takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa?

Mun je asibitoci, mun je wurin 'yan sanda. Mun je inda teburinka yake a da. Yaya ya haye ruwa har unguwar Park Hill wurin tsofaffin abokanka, babu wanda ya gan ka. Kowa cewa yake zai gane ka da farin kambas, ni kuma ina cewa a daina neman wannan. Ranar Asabar ƙanƙara ta sauka. Ina tsaye a taga ina kallonta, ba abin da nake tunawa sai siririyar safar da na ba ka da safe. Tsoro nake ji, Baba.

Yau ladanin masallacin ya kira ni. Wai wani mutumin Maraɗi ya zo yana faɗa, takalminsa na sanyi ya ɓata tun ranar Juma'a, baƙi, mai dogon wuya da gashi a ciki. Da silifas ɗin alwala ya koma gida, yana ta Allah ya isa. Na same shi, na durƙusa, na gaya masa halin da muke ciki, na roƙe shi ya janye. Bawan Allah sai idonsa ya cika. Ya ce in dai kai ne, ya yafe duniya da lahira, kuma takalmin ba ya shan ruwa.

Kai da ba ka taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, yau ga 'yarka a kan sallaya tana roƙon a ce kai ne ka ɗauka.

Ya Allah, ka sa takalmin nan yana ƙafar Babana. Ka haɗa shi da mai tausayin da zai tsayar da shi ya tambaye shi sunansa, ka kuma sa ya tuna. Amin.

Taka 'yar, mai jiranka a bakin ƙofa,
Binta