Kakin Yayanka

Gwadabe,

Ranka ya daɗe, Janar na kasuwar Wudil. Na leƙa na tarar kana sharar minshari, ban ga ya dace in tashi babban soja ba.

Sannu da aikin jiya. Ka buɗe akwatin yayanka, ka zura kakinsa da takalmansa, ka hau Hondarsa ka tafi yi wa masu tallan fura burga. Shi yana can Lebanon harsashi na wucewa ta kansa, kai kana nan kana amsa "sannu soja".

Da magariba ka jingine babur a zaure ka fice, ba ka san abin da ka bari ba. Ka dai san idon Inna ba ya gani sosai. Ta hango kaki ta rangaɗa guɗa, wai ɗanta ya dawo. Kafin in fito daga wanka har ta sa maƙwabcinmu Malam Sabo ya yanka zakaran da take kiwo don ranar dawowarsa. Ni aka bari da gaya mata kai ne.

Tun daga nan ta kwanta ba lafiya. Na tafi da ita asibiti Kano a motar farko.

Naman yana tukunya. Ci abinka, ai kai aka yanka wa.

Ka wanke kakin nan, ka goge, ka mayar inda ka ɗauko. Ranar da mai shi ya dawo da gaske kuma, kai za ka tsaya ka rantse wa Inna cewa shi ne.

Hansai, matar yayanka