Randar da Na Rantse Ba Za Ta Ga Rana Ba

Zuwa ga Malam mai amsa matsalolin jama'a a zaurensa na Malumfashi. Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah ya gafarta Malam, ka cece ni, domin kunya ta kai ni matsayin da ko ƙofar gidanmu ba na iya tsayawa.

Ni saurayi ne daga wani ƙauye kusa da Tsiga, a bakin hanyar da fatake ke bi da jakunansu zuwa kasuwar Bakori. Duk wanda ya san ni ya san Allah ya hore mini harshe. Ban taɓa cewa ruwa ba matuƙar da halin in ce sanyin ran matafiya. Wannan baiwa ce ta kai ni ta baro.

Bara da kaka mahaifiyata Barakatu ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ba ta bar shanu ba, amma ta bar wata ƙatuwar randa baƙa, wadda ruwanta ke kama haƙori don sanyi. Ranar sadakar bakwai na miƙe a gaban dattawa, na gyara murya kamar sanƙira, na ce zan girke randar nan a gindin tsamiyar ƙofar gida, kowa ya sha, ladan ya je wa Inna. Da a nan na tsaya da na tsira. Sai daɗin baki ya ja ni, na rantse da Allah cewa muddin ina numfashi randar nan ba za ta ƙafe ba, rana ba za ta leƙa cikinta ba. Dattawa suka yi ta sa albarka, ni kuwa kaina ya yi girman kabewa.

Na kuma cika alkawari. Kullum da safe in je rijiya, in ƙara sabon ruwa a kan na jiya. Ban taɓa juye ta ba, balle in wanke cikinta. Har suna na raɗa mata, Tafkin Rahama, na naɗa kaina Sarkin Randa, ba tare da kowa ya kawo rawani ba.

Da bazara ta shigo, ruwan ya soma wani ɗan wari irin na kududdufi. Na shaida wa jama'a cewa ƙamshin tsufa ne. To, ranar kasuwar da ta wuce, ana cike a gindin tsamiya, sai ga Hajjo mai daddawa, aminiyar mahaifiyata tun suna 'yan mata. Ta ɗebo ruwa da moɗa, ta kai baki, ta tsaya. Ta zura hannu ta shafo bangon randar daga ciki, ta ɗaga yatsa sama. Malam, abin da ya biyo yatsan nan, miyar kuɓewa ba ta kai shi yauƙi ba. Wani falke da ake kira Sanda, wanda bakinsa ya fi nawa kaifi, ya durƙusa ya ce, ran Sarkin Randa ya daɗe, tunda miya ta nuna sai a kawo tuwo. Wuri ya kaure da dariya, har jakuna na ga kamar suna yi.

Hajjo kuwa ba ta yi dariya ba, kuma wannan ne ke cina. Ta goge yatsanta a jikin tsamiya, ta ce Barakatu ko akuya ba ta taɓa shayarwa da irin wannan ba, ta ɗauki kayanta ta wuce. Daga baya na ji cewa ƙaramar 'yar maƙwabcinmu, wadda ke yawan sha a nan, ta sha fama da gudawa. Ta warke, alhamdu lillahi, sai dai uwarta ta daina amsa gaisuwata.

Na kwashe rabin ruwan na zuba sabo, na girgiza, na tace da ƙyalle, na jefa gawayi. Santsin na nan daram. Gwaggona ta ce bakin mutane ne ya kama randar. Yanzu matafiya sukan zo da ƙishirwa, su kalli tsamiyar, su kau da kai. In na juye ta, na karya rantsuwar da na yi a gaban dattawa. In na bar ta, ba mai sha, ladan Inna ya yanke. Ina mafita?

Naka cikin ƙasƙanci,
Sarkin Randa Murabus

AMSA

Ɗana Murabus, Allah ya jiƙan mahaifiyarka. Niyyarka kyakkyawa ce, kuma ɗan da ke zuwa rijiya kowace safiya saboda uwar da ba ta raye ba abin raini ba ne. Amma Hajjo ma tana da gaskiya.

Ka lallaɓa Gwaggo, wannan ba bakin mutane ba ne. Wani alhaji da ya biyo ta Masar ya ba ni labarin wani madubi da likitocin can ke da shi, wanda in aka duba ɗigon ruwa da shi sai a ga ƙananan halittu suna iyo. Ban gani da idona ba, amma abin da hannu ke ji ya yi daidai da labarin. Halittun nan kamar mutane suke. Masu yawo cikin ruwa matafiya ne, in ka zubar sun tafi. Wasu kuwa sukan sami bango mai kaushi irin na yumɓu, su maƙale a ƙananan ramukansa, su hayayyafa, su fitar da wani danƙo su lulluɓe kansu, kamar yadda ƙauye kan yi ganuwa don tsoron mahara. Ganuwar nan ce ta biyo yatsan Hajjo. Irinta ce ke kwana a haƙora, shi ya sa asuwaki gogawa ake yi, kurkura ba ta isa. Da ka girgiza randa, baƙin da ke bayan gari ka kora, 'yan gari suna ciki. Sabon ruwan da kake ƙarawa kuwa guzuri kake kai musu.

Saboda haka ka juye ta ƙaf. Ka goge cikinta da soso da toka da yashi mai laushi har yatsa ya ji kaushin yumɓu, ka ɗauraye da ruwan zafi, ka buɗe ta ga rana ta bushe ƙarau. Moɗa da faifan rufi ma haka. Ka riƙa maimaitawa duk bayan 'yan kwanaki, domin in ka yi sakaci za su dawo su sake gini. Ka nemi randa ta biyu, in ɗaya tana shan rana ɗaya tana shayar da mutane.

Batun rantsuwa kuwa, malamai sun ce wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga abin da ya fi shi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Ka ciyar da miskinai goma. Ka je gidan maƙwabcinka ka duba yarinyar, ka ba uwarta haƙuri da gajeruwar magana.

Wankin nan kuma ranar kasuwa za ka yi shi, a gindin tsamiyar, inda aka yi maka dariya. Bar Sanda ya faɗi abin da ya ga dama. In ta bushe ka cika ta, sai ka roƙi Hajjo ta sake zura hannu. In ta kai moɗa baki ta haɗiye, kowa zai sha. Randar Barakatu ta sha ganin rana a hannun mai ita, ba yau za ta fara ba. Abu ɗaya nake roƙonka: a ranar kada ka yi jawabi.

Allah ya sanyaya kabarinta, ya yi maka albarka.