Wanda Zai Koya wa Baban Jannatu Tsayuwa

Batsari, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yaya Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa zamanku na Jos albarka. Mu ma muna nan. Inna ta zo daga Safana tana wajenmu, ciwon bayanta ya yi sauƙi. Hatsi ya yi tsada, amma ana ci.

Kin tambayi jikin Baban Jannatu. Tun da mutanen daji suka sako shi, ƙafafunsa ba su koma daidai ba. Zaman da ya yi a ɗaure ya cinye naman cinyoyinsa, in ya miƙe sai su kama rawa. Likita ya ce ƙashi lafiya lau, magani ba zai ƙara komai ba, sai dai a samu wanda zai riƙa motsa masa jiki. Ni dai ina jin maganar kamar ta mijin wata ce ake yi. Mutane na zuwa barka, in shimfiɗa tabarma, su tafi in naɗe.

Wansa Labaran ne ya fara kawo wani Armaya'u, tsohon soja mai horar da 'yan sintiri. Mutumin kirki ne. Ya ce kafin damina zai mayar da shi ƙato, har ya iya gudu in an sake shigowa gari. Ina ɗaki na ji ya daka masa tsawa, wai ya miƙe. Da na leƙa sai na ga Baban Jannatu ya durƙusa, hannuwansa biyu a ƙeya, idonsa a ƙasa. Ba wanda ya sa shi. Armaya'u ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ba mu haƙuri ya fita. Ran nan Baban Jannatu ko ruwa bai sha ba.

Labaran ya so a sake gwadawa, wai namiji sai da zafi. Na ce a'a. Ban taɓa musa masa ba, amma ko gabana bai faɗi ba. Inna ce ta ambaci Malam Daudu, wanda ya koyar da wasanni a firamare ta wajen ƙauyen Babban Duhu kafin mutane su watse. Yanzu yana Safana gidan ɗansa. Aka aika masa, da ya zo bai taɓa Baban Jannatu ba. Ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya tambaye shi me yake so ƙafar ta yi masa.  Baban Jannatu ya ce shi ba ya son gudu, ba ya kuma son komawa gonarsa ta Karare. So yake ya yi salla a tsaye, ya yi sujada ya tashi ba a kama shi ba.

A kan haka suke aiki. Malam Daudu kan zo da hantsi in hanya ta yi lafiya. Yana sa shi ya dafa turmi ya zauna ya tashi, ya bi bango ya je bakin rijiya. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma tsayawa ta bayansa. Labaran har yanzu cewa yake wasan yara ne.

Jiya da la'asar Baban Jannatu ya yi raka'ar farko a tsaye, sauran ya ƙarasa a zaune. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na gani. Da ya sallame sai ya juyo ya dube ni, ya ce in Malam Daudu ya zo gobe a dama masa fura mai kyau. Na ce to, na ci gaba da tankaɗena. Ki sa ni a addu'a, Yaya. Shi an samo masa mai tsayar da shi, ni ban san wa zan nema ba.

Ki gaishe mini da Malam, da Sadiqa da Bashar. Inna da Jannatu suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Zakiyya